Bawul Ɗin Injin Faskare Ya Fara Ba Da Matsala: A Gyara Shi Ko A Sayi Sabo?

Injin faskare mai aiki da man haidirolik, wato man da famfo ke turawa da matsi ya motsa ƙarfe, ya fi yawa a ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Amurka da Kanada da arewacin Turai, inda gidaje da dama ke ɗumama ɗakuna da itace, kuma kowane magidanci ke son ya tara faskare tun kafin ƙanƙara ta sauka. A wajenmu har yanzu gatari ne ke wannan aiki, amma bawul ɗin da ke sarrafa wannan inji ɗan uwa ne na kusa ga wanda ke jikin tarakta da tifa da injin buga bulo, saboda haka bayanin da zai amfani mai injin faskare zai amfani makanikin da ke fama da waɗancan na'urori. Tambayar da ke gaban wanda bawul ɗinsa ya fara yoyo, ko hannunsa, wato ƙarfen da ake turawa a sarrafa shi, ya ƙi komawa tsakiya, ko ƙarfin injinsa ya ragu, ita ce ko ya kwance bawul ɗin ya gyara ko ya cire shi ya ɗaura sabo. Yawancin mutane kan duba aljihu ne su yanke hukunci, alhali abin da ya kamata ya yanke shi shi ne inda ɓarnar take a cikin bawul ɗin.

Tsarin injin ba shi da wuyar fahimta. Ƙaramin injin fetur, sau da yawa mai ƙarfin doki 5 zuwa 8 irin na Honda ko Briggs & Stratton, yana juya famfo mai matakai biyu. Famfon yana zuƙo mai daga tanki ya tura shi zuwa bawul, bawul kuma ya karkatar da shi zuwa silinda, wadda ke tura gungume ya haɗu da bakin ƙarfen da ke tsaga shi. Matuƙar babu nauyi, famfon yana ba da mai da yawa a ƙaramin matsi domin sandar silinda ta yi sauri, da zarar kuma gungume ya yi turjiya sai ya koma mataki na biyu, inda man ke raguwa matsi kuma ya hau. Wanda bai san haka ba yakan ga injin ya rage gudu da ya taɓa itace, ya ɗauka bawul ne ya lalace, alhali kuwa aikinsa yake yi yadda aka ƙera shi.

A cikin bawul ɗin akwai abubuwa uku da ya wajaba a bambance, domin kowanne da irin cutarsa. Na farko shi ne sanda mai gaɓoɓi da makanikai ke kira siful, wadda ke zamewa gaba da baya a cikin ramin gangar bawul tana buɗe wa mai hanya tana rufewa. Na biyu shi ne bawul ɗin rage matsi, wato rilif, wanda bai wuce ƙwallon ƙarfe ko ɗan tsinke da sifirin ke dannewa ba, kuma aikinsa shi ne ya saki mai ya koma tanki idan matsi ya wuce iyakar da aka saita. Na uku shi ne mariƙi, wanda ke cikin murfin da ke bayan bawul, a ɗaya ƙarshen da ba na hannu ba. Shi ne ke riƙe hannun a matsayin komawa baya har silinda ta gama shigewa, sa'an nan hauhawar matsi ta sa ya saki hannun ya koma tsakiya da kansa, abin da ke ba mai aiki damar ɗauko wani gungume kafin sanda ta dawo.

Akwai gaskiya guda da duk hukuncin ya rataya a kanta, kuma ita ce aka fi jahilta. Zoben roba da ke cikin wannan bawul, waɗanda yawanci biyu ne, ɗaya a kowane ƙarshen siful, ba su da aikin da ya wuce hana mai fitowa waje. Abin da ke hana mai zarcewa daga ɗaki zuwa ɗaki a cikin bawul ba roba ba ne, kusancin ƙarfe da ƙarfe ne, domin tazarar da ke tsakanin siful da raminsa ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma tun a masana'anta ake daidaita kowane siful da gangarsa. Ma'anar wannan ita ce sabuwar roba tana maganin yoyon da ido ke gani, amma ba ta taɓa maganin mai da ke sulalewa ta ciki saboda ƙarfe ya cinye. Mutum zai iya sauya roba sau goma, ƙarfin injinsa ba zai ƙaru da komai ba.

Kafin a zaɓi gyara ko saye, dole ne a tabbatar cewa laifin na bawul ne, domin shi ne ake fara zargi kawai saboda shi hannu ke taɓawa. Kayan aikin da ya fi kowanne daraja a nan shi ne gejin matsi mai kai wa psi 5,000, wato kusan bar 350 (psi da bar duk ma'aunan matsi ne), wanda ake ɗaurawa a kan tiyon da ya fito daga famfo zuwa bawul. Idan aka tura silinda ta kai ƙarshe aka riƙe hannu na daƙiƙa biyu ko uku, allurar geji za ta nuna inda rilif ke buɗewa. Yawancin waɗannan injuna suna aiki ne tsakanin psi 2,250 da 3,000, kuma lissafin ƙarfinsu a fili yake: silinda mai faɗin inci 4 tana da fuska mai murabba'in inci 12.6, don haka a psi 2,500 tana tura nauyin da ya kai kimanin tan 14. Idan geji ya nuna matsi ya cika amma gungume ya ƙi tsagewa, to ba bawul ba ne, ko dai bakin ƙarfen ya dakushe ko kuma itacen ya fi ƙarfin injin, kamar yadda kututturen ƙirya mai ƙulli zai gagari ƙaramin inji kome lafiyarsa. Idan kuwa allura ta tsaya a ƙasa sosai, to masu laifi huɗu ne ke gabanmu: famfo, rilif, siful, ko robar fistin, wato kan sandar da mai ke turawa a cikin silinda.

Silinda ita ce mafi sauƙin fitarwa daga zargi. A tura sanda ta fita gaba ɗaya, a kashe inji, a motsa hannu gaba da baya har matsi ya sauka, sa'an nan a cire tiyon da ke ɓangaren sanda a toshe bakinsa da murfin ƙarfe. Idan aka tayar da inji aka danna hannu gaba, sai mai ya ci gaba da kwarara daga kafar silindar da aka bari a buɗe, to robar fistin ce ta mutu, kuma sabon bawul ba zai amfana da komai ba. Famfo kuwa yakan tona kansa da ƙara, ko da kumfa a cikin tanki idan iska na shiga ta tiyon zuƙa, ko kuma a ga injin yana gudu lafiya har ya taɓa itace sa'an nan ya tsaya cik ba tare da injin fetur ya ji nauyi ba. Haka nan ya kamata a leƙa mahaɗin da ke tsakanin injin fetur da famfo, domin idan ɗan makullinsa ya karye inji zai yi ta juyawa famfo kuma yana zamewa.

Dole in tsaya a nan in yi gargaɗi, domin al'amarin ya shafi rai da gaɓa. Man da ke fita ta ƙaramar ɓula a ƙarƙashin matsi yana huda fata kamar allura, kuma matsin da bai wuce psi 100 ba ya isa ya yi hakan. Ciwon yakan zama kamar tsinin ƙaya a farko, amma man yana kashe nama ta ciki, kuma jinkirin sa'o'i kaɗan yana iya jawo yanke yatsa ko hannu. Kada a taɓa laluben yoyo da tafin hannu, a yi amfani da guntun kwali, kuma wanda man ya shiga jikinsa ya tafi asibiti nan take ya gaya wa likita cewa man haidirolik ne ya huda shi. Ba a kwance ko noti ɗaya sai an kashe inji, an cire wayar fulogi, an kuma sauke matsi.

Idan an tabbatar laifin bawul ne, gyara yana da wurare uku da ya fi saye ta kowace fuska. Na farko shi ne yoyo ta gefen hannu ko ta murfin baya. Kuɗin robar kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da kuɗin sabon bawul, kuma aikin bai wuce na sa'a ɗaya ba ga mai natsuwa. Sai dai a kula da irin robar da za a saya. Wadda ta dace da man haidirolik ita ce ta naitiril, ko ta Viton idan zafi ya yi yawa, amma robar famfon ruwa da ta birki, waɗanda galibi na wata irin roba ce da ake kira EPDM, suna kumbura su lalace idan suka zauna cikin irin wannan mai. Haka kuma bawul ɗin Amurka yana amfani da awon inci, na Turai da yawancin na Asiya kuma awon milimita, kuma roba mai kama da daidai ba daidai ba ce. Gefen gaɓoɓin siful yana da kaifi, don haka a shafa wa sabuwar roba mai, a tura siful a hankali ana ɗan juya shi, in ba haka ba zai yanke ta tun kafin a gama haɗawa. Idan kuma an sauya roba ta sake yoyo cikin 'yan kwanaki, a dubi abu biyu: ko tsatsa ta ci ƙarshen siful da ke fitowa waje tana goge robar, ko kuma filtar da ke kan hanyar komawa tanki ta toshe, domin waɗannan zoben ba a yi su don ɗaukar babban matsi ba, kuma toshewar hanyar komawa tana tara musu matsin da ya fi ƙarfinsu.

Wuri na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne jawo asarar kuɗi ba gaira ba dalili, shi ne mariƙi. Injin faskare a waje yake kwana, ruwan sama da raɓa suna shiga murfin baya, 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki, masu kama da na boris, su yi tsatsa su manne. Daga nan sai hannu ya ƙi tsayawa a baya sai an riƙe shi, ko ya tsaya ya ƙi sakewa bayan silinda ta shige, injin ya yi ta gurnani mai yana bi ta rilif yana zafi. Mutane da yawa kan jefar da bawul mai lafiyayyen siful saboda wannan kawai, alhali abin da yake bukata shi ne wanki da kananzir, da sababbin ƙwallaye idan tsofaffin sun lotsa, da sifirin idan ya karye, da ɗan giris. Wahalar aikin ɗaya ce: ƙwallayen suna ƙarƙashin sifirin, kuma da an zare ɗan bututun ƙarfen da ke rufe su sai su yi tsalle su ɓace cikin ƙasa. Maganin haka shi ne a lulluɓe wurin da tsumma ko leda kafin a zare, a ɗauki hoton kowane mataki da waya, sa'an nan wajen mayarwa a liƙa ƙwallayen a raminsu da giris mai kauri. A bawul da yawa akwai noti na saita matsin da mariƙi ke sakewa, wanda idan aka ɗaure shi ciki yakan ƙara riƙo, idan aka sassauta kuma ya rage. Hannun da ke sakewa tun sanda ba ta gama komawa ba sau da yawa saiti ne kawai ya yi ƙasa, ko mai ya yi kauri saboda sanyin safiya, kuma kwata ɗin juyi ɗaya yakan wadatar.

Na uku shi ne rilif. Ɗan ɓurɓushin ƙarfe ko guntun tef ɗin da ake naɗawa a tiredi da ya maƙale a mazaunin ƙwallon ya isa ya sa mai ya riƙa zarcewa tanki, injin ya rasa rabin ƙarfinsa. A kwance shi, a ƙirga yawan juyin da aka yi wa notin saiti domin a san inda za a mayar, a wanke, a duba sifirin. Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne ɗaure rilif ba tare da geji ba domin a ƙara wa inji ƙarfi, saboda abin da ke biyo baya shi ne fashewar tiyo, ko tsagewar famfo, ko lanƙwashewar ƙarfen da silinda ke kwance a kai.

Iyakar gyara tana nan inda ƙarfe ya fara lalacewa. Idan aka zaro siful aka ga zane mai zurfi wanda farce ke maƙalewa a ciki, ko gaɓoɓinsa sun yi ramuka saboda tsatsa, ko yana kaɗawa a cikin raminsa, to ƙarshen wannan bawul ya zo. Haka idan siful ya lanƙwashe saboda gungume ya faɗo wa hannu, ko ganga ta tsage. Wasu kan goge siful da samfefa don ya daina cijewa, kuma lalle zai daina, amma kowace gugar tana faɗaɗa tazarar da ita ce kaɗai ke riƙe matsi. Wasu kuma kan kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su ƙera musu sabon siful. Ina girmama gwanintar waɗannan masu sana'a, amma daidaiton da ake bukata a nan ya wuce abin da injin sassaƙa na yau da kullum ke iya bayarwa, kuma ko da siful ya fito daidai, ramin da zai shiga shi ma ya riga ya cinye. Gangar bawul kuwa ta ƙarfen zubi ce, kuma walda a kan ƙarfen zubi da zai ɗauki bar 200 caca ce da lafiyar wanda zai tsaya a gefensa.

Sabon bawul yana kawar da duk waɗannan lokaci guda, domin siful da rilif da mariƙi da roba duk sababbi ne, kuma ɗaura shi yakan fi kwance tsoho sauri. Amma saye ma yana da tarkunansa, kuma wanda ya shiga kasuwa da tsohon bawul a hannu yana neman mai kama da shi kawai zai iya dawowa da abin da ba zai yi masa aiki ba. Abu na farko shi ne yawan man da bawul ke iya wucewa da shi. Sanannen bawul ɗin faskare na kamfanin Prince na Amurka, wato LS-3000, an yi shi ne don galan 25 a minti, kimanin lita 95, da matsin da bai wuce psi 2,750 ba, kuma daga masana'anta rilif ɗinsa kan zo a saite a psi 2,250. Famfunan da aka fi samu a waɗannan injuna kuwa na galan 11 ne ko 13 ko 16. Sai dai lissafin bai tsaya a kan famfo ba, domin a lokacin da silinda ke komawa baya man da ke fita daga gindinta ya fi wanda ke shiga ta gaba. A silinda mai inci 4 da sanda mai inci 2, ƙarin ya kai kashi ɗaya cikin uku, wato famfo mai ba da lita 60 zai sa lita 80 su bi ta cikin bawul. Saboda haka ƙaramin bawul irin P40, wanda aka yi don lita 40, zai shaƙe wannan inji ya dafa masa mai, ko da ya fi araha kuma ya fi sauƙin samu a shagunan kayan tarakta.

Abu na biyu shi ne abin da bawul ke yi idan hannu yana tsakiya. Injin faskare yana bukatar wanda ke barin mai ya wuce kai tsaye daga famfo zuwa tanki, yana kuma toshe kafofin silinda biyu. Idan aka yi kuskuren ɗaura mai rufaffiyar tsakiya, wato wanda ke toshe hanyar famfo idan hannu yana tsakiya, famfo zai shiga cikakken matsi tun daga tayar da inji, kuma cikin 'yan mintoci tanki zai yi zafin da ba a iya taɓawa. Abu na uku ya shafi hannun mai aiki kai tsaye. A ɓangaren turawa gaba, dole ne hannu ya koma tsakiya da kansa da zarar an sake shi, kuma bawul mai mariƙi a ɓangarorin biyu, irin wanda ake samu a wasu na'urorin gona, bai dace da wannan inji ba ko kaɗan, domin sanda za ta ci gaba da tafiya ko da yatsun mutum suna tsakanin gungume da ƙarfe. A Turai ma ƙa'idar EN 609-1 ta wajabta cewa sai da hannu biyu ake sarrafa irin wannan inji, don kada ɗaya ya sami sukunin kusantar itacen.

Abu na huɗu shi ne haƙoran ɗauri, waɗanda makanikai ke kira tiredi. Tiredin kayan Amurka galibi nau'in da ake kira NPT ne ko SAE, na Turai da Asiya kuma BSP, kuma abin da ke yaudarar mutane shi ne a girman rabin inci da na kwata uku duka NPT da BSP suna da haƙora 14 a kowane inci, don haka suna shiga juna kamar sun dace, alhali kusurwar haƙoransu ta bambanta, ɗaya digiri 60 ɗaya kuma 55. Sakamakon shi ne yoyo, mai aiki kuma ya ƙara ɗaurewa da dogon sifana har gangar sabon bawul ta tsage. Wanda zai sayi bawul mai tiredi dabam da na tiyonsa ya saka kuɗin mahaɗai cikin lissafinsa tun farko, ya kuma auna ramukan ɗaure bawul a jikin inji.

Tsakanin gyara da sabo akwai hanya ta uku da mutanenmu suka saba da ita, wato tsohon bawul da aka ciro daga wata na'ura. Idan na sanannen kamfani ne kuma aka yarda a gwada shi da geji kafin a biya, yana iya fin sabon kwaikwayo inganci. Idan kuwa ba za a gwada ba, to mutum yana sayen cutar wani ne, domin cinyewar siful ba a ganinta daga waje. Bawul ɗin kwaikwayo mai araha yana da gurbinsa ga wanda ke faskaren gida na 'yan makonni a shekara, amma rauninsa shi ne ba kasafai ake samun robarsa da kayan mariƙinsa ba, don haka ranar da ya lalace sai dai a sake saye. Wanda faskare ne sana'arsa, kuma kowace rana da inji ya tsaya asara ce, ya fi masa alheri ya ɗaura sabo mai suna, ya gyara tsohon a hankali ya ajiye shi don ranar bukata, muddin siful ɗinsa lafiya yake. Su kuwa ƙananan injunan lantarki masu tan 4 zuwa 7, yawancinsu bawul ɗin a haɗe yake da gidan famfo, ba a cire shi a ɗaura na wani kamfani, saboda haka a can zaɓin bai wuce wanki da sauya roba ba, ko neman ainihin kayan kamfanin da ya ƙera injin.

Ko an gyara ko an saya, abin da ya kashe tsohon bawul yana nan cikin tanki idan ba a zubar da shi ba. Ƙura da ɓurɓushin ƙarfe su ne ke zane siful, ruwa kuma shi ne ke kawo tsatsa, kuma man da ya koma fari kamar madara ya riga ya sha ruwa. A zubar da tsohon mai, a share gindin tanki, a sauya filtar komawa da mai awon maikiron 10, wato awon ƙanƙantar dattin da take tarewa, a wanke rariyar da ke bakin tiyon zuƙa. A ƙasashen sanyi ana amfani da mai mai lamba 32, wato lambar da ke nuna kaurin mai, amma inda rana ke da zafi mai lamba 46 ko 68 ya fi riƙe kaurinsa, kuma idan zafin mai ya haura digiri 80 a ma'aunin salshiyos roba takan fara ƙandarewa. Inda ƙurar hunturu ke tashi kuwa, a toshe bakin kowane tiyo da aka cire tun kafin a ajiye shi. Bayan an haɗa komai, a tura silinda gaba da baya sau goma ko fiye ba tare da itace ba domin iska ta fita, a ƙara mai a tanki, sa'an nan a saita rilif ana kallon geji, a tsayar da shi a ƙasa da iyakar abin da ya fi rauni tsakanin famfo da tiyo da silinda da shi kansa bawul ɗin, kafin a ɗora gungume na farko.